Daga Goro Zuwa Kalanda: Tarihin Kyautar Ɗan Kasuwa a Zangunan Akra

Gabatarwa

A yau kamfanoni kan raba wa abokan ciniki kalanda da riguna da laima masu ɗauke da sunansu, domin a riƙa tunawa da su. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin dabarar da Turawa suka zo da ita. Tarihin fatauci ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin amfanin kyauta a ciniki, har ya ware mata sunaye da ƙa'idoji. Wannan rubutu zai bibiyi al'adar a zangunan Akra, babban birnin Gana, don ganin abin da ke sa kyautar ɗan kasuwa ta yi daraja.

Yadda Fatake Suka Iso Akra

Goro ne ya fara jan Hausawa zuwa wannan yanki. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda suke sayen goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Bayan da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874 sai hanyar ta fara rauni, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Akra kuwa ta zama hedikwatar mulkin mallaka tun 1877, jiragen ruwa kuma suna kwasar goro daga gaɓarta zuwa Legas. Malam Bako, ɗan Malam Naino, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta samo asali ne a shekarun 1930, daga filin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya samu a hannun iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Daga baya Maamobi ta bunƙasa a gefenta.

Maigida da Baƙonsa

Ginshiƙin cinikin zango shi ne maigida, wato fatoma. Idan falke ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ne ke ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Ba a biyan kuɗin kwana; ribar maigida tana fitowa daga la'ada. Ranar sallama kuma yakan haɗa baƙon da tsarabar da zai kai gida. Masana irin su Polly Hill, wadda ta yi nazarin kasuwar shanu ta Kumasi, da Abner Cohen, wanda ya yi na unguwar Sabo ta Ibadan, sun bayyana wannan tsari a shekarun 1960.

Karimcin maigida shi ne tallarsa. A zamanin da babu allon talla, bakin falke ne ke kai sunan mutum garuruwa. Wanda aka karrama zai dawo baɗi, ya kuma jawo ɗan'uwansa. Wanda aka yi wa rowa zai sauka a wani gidan, labarin kuma ya riga shi isa Kano. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sunayen Kyautar Ciniki

Ya kamata ɗalibi ya bambance waɗannan kalmomi. Gyara ita ce ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan an gama awo. Tsaraba ita ce abin da matafiyi ke kaiwa gida. Tukuici ana ba wanda ya kawo saƙon kyauta. La'ada kuwa haƙƙin dillali ce, ba ta cikin kyauta. Shi kansa goro ya zama sunan kyauta, kamar a goron Sallah da goron albishir.

Gyara ta fi kowacce nuna halin ɗan kasuwa, domin daga cikin hajarsa take fitowa. Mai goro da ya sayar da ƙwarya, wato goro ɗari, ya ɗora 'yan ƙwayoyi a kai, ya san za a fasa su a gaban jama'a. In an tarar da tsutsa, ya zubar da mutuncin sauran kayansa. Saboda haka mai hankali yakan zaɓi gyara daga mai kyau. Ga shi kuma da ganye ake naɗe goro a cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa, ganyen kuma in ya gama aiki ya ruɓe ya koma ƙasa.

Zamanin Bugu da Roba

Da injin buga takardu ya yawaita, kalanda ta shiga shagunan zango, musamman mai haɗa watannin Musulunci da na Turawa, wadda ke shekara guda a bango ana dubanta. Bayanta sai kayan roba masu arha suka biyo, irin su leda mai tambari da mafici da kofi. Da yawansu ba sa jimawa suke lalacewa, su ƙare a babban lambatun da ya ratsa Nima, wanda ke zuba a kogin Odaw. Toshewar magudanun ruwa da shara na cikin dalilan da aka danganta da ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, aka rasa rayuka kimanin 150.

Kammalawa

Kyautar fatake ta tsaya a kan abubuwa uku: tana da amfani ga mai karɓa, tana da ingancin da mai bayarwa zai yarda a jingina sunansa da shi, kuma ba ta barin ɓarna a bayanta. Ɗan kasuwar Nima ko Maamobi da ke shirin rabon kyauta a ƙarshen shekara zai iya auna zaɓinsa da wannan ma'auni. Jakar yadi da telan unguwa ya ɗinka, ko buta mai ƙwari, za ta ɗauki sunansa shekaru a cikin gida. Tambarin da ya kwana a lambatu kuwa, shi ma jama'a na karanta shi.