Dacewar taya da faɗin wili

Dacewar taya da faɗin wili ƙa'ida ce ta kanikanci da ke fayyace irin tayar da ta kamata a ɗora wa kowane wili na mota. Wili, wanda wasu ke kira rim, shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa. Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da aka ƙera ta dominsa, kuma shigar taya cikin wili ba ya nufin ta dace da shi. Ƙungiyoyin masana'antu ne ke tsara waɗannan ma'aunai, irin su ETRTO ta Turai da aka kafa a 1964, da JATMA ta Japan.

Lambobin jikin taya

Ana rubuta girman taya a gefenta, misali 195/65 R15 91H. Lambar 195 faɗin tayar ce da milimita. Lambar 65 tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kusan milimita 127. Harafin R yana nuna ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946. Lambar 15 ita ce girman da'irar wilin daga baki zuwa baki da inci. Lambar 91 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba.

Lambobin jikin wili

Shi ma wili yana da tasa lambar, galibi a bayansa, misali 6Jx15. Lambar 6 faɗinsa ce da inci, J siffar leɓensa, 15 kuma girman da'irarsa. Ana auna faɗin ne daga cikin leɓe zuwa cikin leɓe, inda bakin taya ke zama. Wanda ya auna ta waje zai samu ƙarin kusan inci 1, ya ɗauka wilin ya fi yadda yake faɗi.

Ma'aunin dacewa

Dole lambar inci ta taya da ta wili su zama ɗaya. Babu sassauci a nan. Ɗora taya mai inci 16 a wili mai inci 16.5 yana iya sa ta fashe tun ana ba ta iska. A faɗi kuwa akwai ɗan sarari:

175/70 R13: wili mai inci 4.5 zuwa 6
185/65 R14: inci 5 zuwa 6.5
195/65 R15: inci 5.5 zuwa 7
205/55 R16: inci 5.5 zuwa 7.5
265/65 R17: inci 7.5 zuwa 9.5

Duk ƙarin rabin inci a faɗin wili yana buɗa taya da kusan milimita 5. Idan za a sauya girman wili baki ɗaya, ana so tsayin sabuwar taya ya yi kusa da na tsohuwa, bambancin kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Taya 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, 205/55 R16 kuma 632, don haka ɗaya tana iya maye gurbin ɗaya ba tare da agogon gudu ya ruɗe ba.

Illar rashin dacewa

Idan taya ta fi ƙarfin wili, leɓunansa suna matse ta, tsakiyarta ta kumburo ta riga gefe cinyewa, motar kuma ta riƙa tangaɗi a kwana. Idan wili ne ya yi wa taya faɗi, gefenta yana miƙewa ya rasa taushin da yake shanye gargada. Da ta faɗa rami sai bakinta ya zame, iska ta fice nan take, musamman a taya marar tiyub, wilin ma yana iya lanƙwashewa.

A Tambuwal da Kebbe

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar A1 da ta taso daga Sakkwato ta wuce Jega da Yawuri zuwa Kwantagora, hanyar da motocin haya ke gudu a kai da lodi. Ƙauyuka da dama na ƙaramar hukumar Kebbe kuwa ana shigarsu ne ta hanyoyin burji da yashi, inda ake jigilar hatsi ranakun kasuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma zafin kwalta da nauyin kaya su ne ke fara tona asirin tayar da ba ta zauna daidai ba.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin motoci a Najeriya daga waje ake shigo da su, har da na gwanjo. Direban da tayarsa ta fashe a hanya yakan karɓi wadda ya samu wurin mai faci muddin incin ya yi daidai, ba tare da duba faɗi ba. Haka ake samun mota ɗaya da taya iri biyu a gaba, abin da ke sa ta ja gefe idan aka taka birki.

Girman da kamfanin mota ya amince da shi yana rubuce a takardar da ke manne jikin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai, tare da yawan iskar da ta dace.