Samfuri Ɗari Daga Rafi Ɗaya

Wanda ya ɗebi ruwan rafi a kwalba ya kai ɗakin gwaji, labarin sa'ar da ya ɗiba kaɗai zai samu. Idan masana'anta ta zubar da guba da tsakar dare, kafin gari ya waye ruwan ya wuce da ita. Amma tsutsotsin ƙwari da dodon koɗi da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu ba sa iya guduwa, kuma wasunsu kan yi watanni a wuri guda. Rashinsu a inda ya kamata a same su shaida ce.

A kan wannan tunani ne masana biyu na Jamus, Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson, suka wallafa tsarinsu a 1908 da 1909. Sun kasa kogi kashi-kashi gwargwadon ƙazantar da ke ruɓewa a cikinsa, suka jera halittun da ake samu a kowane kashi. Sai dai tsarin ya bar wata tambaya a buɗe: daga ina za a ɗebo halittun, kuma sau nawa?

A 1937 Eugene Surber, masanin kifi a Amurka, ya bayyana wani ma'auni mai sauƙi. Firam ne mai faɗin ƙafa ɗaya murabba'i da ake kafawa a gindin rafi, da raga a bayansa. Mai bincike ya wanke duwatsun da ke cikin firam ɗin da hannu, igiyar ruwa ta kora abin da ya saki zuwa cikin ragar. Daga nan aka soma ƙidaya da lissafi, ana kwatanta rafi da rafi.

Paul Needham da Robert Usinger ne suka gwada amincin wannan ƙidaya. Sun ɗebi samfuri 100 daga wuri guda mai tsakuwa a rafin Prosser na jihar Kalifoniya, suka wallafa sakamakon a 1956. Lissafinsu ya nuna ana bukatar samfuri 73 kafin a amince da adadin halittun, da 194 kafin a amince da nauyinsu. Amma biyu ko uku sun isa a ga manyan rukunonin da suka fi yawa. Dalili kuwa, halittun cincirindo suke yi: dutse ɗaya cike, na kusa da shi wayam. Darasin shi ne a tsayar da tambaya tun kafin a shiga ruwa, domin "me ke nan?" da "nawa ne?" ba tsadarsu ɗaya ba.

Wannan ilmi ya yi amfani a Afirka ta Yamma bayan 1974, lokacin da aka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Gana. Mako-mako jirage na fesa maganin temefos a koguna don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. Fargabar ita ce kada a ceci idanun manomi a kashe kifin masunci. Saboda haka aka ware wurare na dindindin, ana komawa da ma'aunin Surber da raga da komar kifi, shekara bayan shekara, har aka rufe shirin a 2002. Irin wannan sa ido ne ya sa aka taƙaita magunguna masu ƙarfi kamar fametirin ga lokacin da kogi ya cika.

Don haka idan aka miƙo muku rahoton da ke cewa wani rafi lafiya lau yake, ku tambayi samfuri nawa aka ɗiba, a wane wuri, kuma da rani ne ko da damina.