Cinikin Asalin Zanen Littattafan Labarin Zane: Tarihinsa da Matsayinsa a Ƙasar Hausa

Asalin zane shi ne takardar da mai zane ya ɗora wa hannu da kansa, da fensir da tawada, kafin a kai ta maɗaba'a a ɗauki hotonta a buga dubban kwafi. A littattafan labarin zane, waɗanda ake jera hotuna gida-gida a cikinsu ana sa wa mutanen ciki magana a baki, kowane shafin da aka zana a takarda yana da irin wannan asali guda ɗaya tak a duniya. Saye da sayar da ita ya zama ciniki mai dillalai da gidajen gwanjo a Amurka da Faransa da Beljiyam, amma bai fi shekara hamsin da 'yan kai da kafuwa ba. Kafin nan, galibin kamfanonin ɗab'i tarkacen aiki suka ɗauke ta.

Kamannin takardar

Asalin shafi ya fi wanda aka buga girma. A Amurka, har wajen 1967, ana zana shi ninki biyu na girman littafin, daga baya aka rage shi zuwa inci 10 a faɗi da 15 a tsawo, a kan farin kwali mai kauri. Aikin kuma na taron dangi ne: wani ya zana da fensir, wani ya bi sawunsa da baƙar tawada, wani ya rubuta maganganu, launi kuwa a wata takarda dabam ake shirya shi. Shi ya sa yawancin shafukan da ake cinikinsu baƙi da fari ne. A jikinsu ana ganin abin da mai karatu bai taɓa gani ba: sawun shuɗin fensir wanda na'urar ɗaukar hoto ba ta kamawa, farin fenti inda aka gyara kuskure, guntun takarda da aka manna don sauya wata magana, da umarnin edita a gefe. Waɗannan tabo ne ke jan masu tarawa, domin a nan ake ganin inda hannu ya yi shakka da inda ya zarce.

Zamanin zubarwa

Labarin zane ya yi ƙarfi a jaridun Amurka tun 1895, lokacin da Richard Outcault ya fara zana Yellow Kid a jaridar New York World. Littattafan labarin zane masu zaman kansu sun bunƙasa a shekarun 1930. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da haƙƙin Superman kan dala 130, kuma wannan ciniki ya nuna yadda sana'ar za ta tafi shekaru da yawa: a biya mai zane kuɗin shafi, takarda da labari da suna duk su zama na kamfani. Da an gama bugu sai a jibge shafukan a sito. Wasu aka yayyanka, wasu aka ƙona, wasu aka ba yaran da suka zo ziyarar ofis kyauta, wasu kuma ma'aikata suka yi gaba da su. William Gaines na kamfanin EC yana cikin 'yan ƙalilan da suka adana kusan duk abin da aka zana musu, kuma da aka fara gwanjon ajiyarsa ta hannun Russ Cochran a ƙarshen shekarun 1970, ta taimaka wajen tsayar da farashi a kasuwar da ba ta da ma'auni.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne fafutukar masu zanen kansu. Neal Adams ne ya fi kowa tsayawa kai da fata a kan cewa kamfani haƙƙin bugawa ya saya, takardar kuwa ta wanda ya zana ce. A shekarun 1970 manyan kamfanonin biyu, DC da Marvel, suka fara mayar wa masu zane sababbin shafukansu. Tsofaffin kuwa sai da aka kai ruwa rana. Jack Kirby, wanda da hannunsa aka ƙirƙiro Fantastic Four da Hulk da X-Men, ya zana wa Marvel shafuka fiye da 10,000. Kamfanin ya nemi ya sa hannu a wata takarda ta musamman mai tsaurin sharuɗɗa kafin a ba shi kome, ya ƙi. Bayan takaddamar da 'yan sana'ar suka mara masa baya a cikinta, a 1987 aka mayar masa da shafuka kimanin 2,000. Sauran sun riga sun watse, kuma da yawa daga cikinsu sun ɓulla a hannun 'yan kasuwa. Wannan tabo ne da cinikin bai wanke ba har yau, domin akwai shafukan da ake alfahari da su waɗanda ba ta ƙofa suka fita daga sito ba.

Daga teburin taro zuwa gidan gwanjo

Da farko a tarukan masoya littattafan ake cinikin, irin na San Diyego da aka fara a 1970 da na Angulem a Faransa da aka fara a 1974. Mai zane ya baza shafukansa a tebur, a yi tayi, a sallama, sau da yawa kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A Disamban 1991 gidan gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjonsa na farko na wannan fanni a Niyok, daga nan manyan masu kuɗi suka waiwayo.

Farashin ya haura sannu a hankali, sannan ya yi tsalle. A 2014 shafin da Herb Trimpe ya zana, inda Wolverine ya fara bayyana, ya kai dala 657,250. A 2019 gidan Heritage da ke Dalas ya sayar da zanen Egyptian Queen na Frank Frazetta kan dala miliyan 5.4. A Janairun 2022 shafi ɗaya na Mike Zeck daga Secret Wars na 1984, inda Spider-Man ya bayyana da baƙar riga, ya kai dala miliyan 3.36. Wannan shafin yana nuna wani hali na kasuwar Amurka da ke da ban takaici: sau da yawa ba gwanintar hannu ake saya ba, sai abin da ya faru a shafin, da kuma begen ƙuruciyar mai saye.

A Turai sunan Hergé, mai Tintin, shi ne kan gaba. A Janairun 2021 gidan Artcurial na Faris ya sayar da zanen da ya yi a 1936 don bangon Le Lotus bleu kan kusan yuro miliyan 3.2. Ba a taɓa buga shi a bangon ba, saboda launukansa sun yi tsadar bugu. Gidan gwanjon ya ce Hergé ya ba ɗan mai maɗaba'ar Casterman zanen kyauta yana yaro, ya ninke shi ya ajiye a aljihun tebur, amma wasu masana aikin Hergé sun musanta wannan labari. A Japan al'adar dabam ce: shafukan na mai zane ne, shi ya sa ba su cika fitowa kasuwa ba. A 2008 Makoto Raiku ya kai kamfanin Shogakukan kotu saboda ya ɓatar masa da zane biyar masu launi, aka sasanta da biyan diyya.

Babban abin da mai saye ke bincika shi ne salsalar takarda: daga hannun wa ta fito, ta hannun wa ta bi. Wanda ya san karar shanu ta Illela a Jihar Sakkwato ya san wannan ƙa'ida, domin ba a sayen sa daga baƙo sai dillali ya tsaya masa cewa ba na sata ba ne. Jabu ya yi yawa, musamman a ƙananan zane-zanen da ake jingina wa mashahuran masu zane, kuma akwai masu ɗora takarda a kan bugaggen shafi su bi sawunsa. Wani abin da sabon shiga kan jahilta shi ne sayen takarda ba ya ba shi izinin buga ta, haƙƙin mallaka yana nan wurin mai shi.

Illela, tsakanin al'adu biyu

Wannan ciniki bai kafu a matsayin kasuwa a ƙasar Hausa ba, amma kayansa sun daɗe a nan. Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, kuma iyakar da ta raba su ta raba hanyoyi biyu da labarin zane ya shigo wa Hausawa. Ta ɓangaren Faransanci, ɗalibai sun san Tintin da Asterix, da mujallar Kouakou da aka fara a 1966, wadda ake shiryawa a Faransa ana rarraba ta ga yaran Afirka. Ta ɓangaren Ingilishi akwai African Film mai jarumi Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, wadda da hotunan kyamara aka yi ta, sai Ikebe Super ta Wale Adenuga daga 1976. A jaridu kuma akwai zanen barkwanci na siyasa, tun daga Akinola Lasekan a West African Pilot zamanin neman 'yancin kai, zuwa Josy Ajiboye a Daily Times, zuwa Mustapha Bulama da ya yi suna a Daily Trust.

Zanen da aka yi don Hausawa da Hausa kuwa, cibiyarsa ta farko Zariya ce. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito tsakanin 1937 da 1939, da hotunan zane ta fito. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun 1950 da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Duk zanen da ke cikin waɗannan littattafai wani ne ya zauna ya yi shi a takarda.

Zango na biyu shi ne na adabin kasuwar Kano. Daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka buɗe hanyar buga littafi da kuɗin aljihu. Bangon littattafan farko da hannu ake zana shi: saurayi da budurwa, mota, gidan bene, wani lokaci aljani ko jarumi da takobi. Marubuci ya biya mai zane ladan aikinsa, ya kai takardar maɗaba'a, magana ta ƙare. Littattafan sun bi motocin kasuwa har Sakkwato da Illela, suka ƙetara zuwa Ƙonni da Maraɗi, inda ake saye ana kuma bayar da haya. Da kwamfuta ta samu wuri, sai hotunan 'yan fim da haɗe-haɗen na'ura suka ture zanen hannu. An yi aikin tattara littattafan kansu: Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundin sunayensu na 1987 zuwa 2002 a shekarar 2004. Amma wannan tarin bugaggun kwafi ne. Halin da masu zanen bangon suka yi aiki a ciki bai bambanta da na takwarorinsu na Amurka kafin 1970 ba, har ma ya fi tsanani, domin a wasu littattafan ko sunansu ba a rubuta ba. Masu bincike sun yi wa marubutan adalci, masu zanen kuwa har yanzu ana bin su bashi.

Ba wai Bahaushe bai san darajar aikin hannu a kan na inji ba. A ƙasar Sakkwato musamman, littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da hannu aka yi ta kwafe su, galibi a takardar Italiya mai alamar wata uku da ake kawowa ta Sahara, kuma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu tana riƙe da tarinsu. Alƙur'ani rubutun hannu, cikin gafakarsa, ya fi bugun inji tsada nesa ba kusa ba, allon zayyana na sauka kuma ana ajiye shi a gida. Akwai ma misalin da ya yi daidai da na labarin zane: tun tsakiyar ƙarni na 20 ake ɗaukar hoton rubutun hannun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari na Kano a buga shi da yawa, a sayar a kasuwanni da ƙofofin masallatai. Abin da ya hana zanen bango samun irin wannan martaba ya haɗa da kallon da aka yi wa littattafan soyayya a matsayin abin banza, da kuma ƙyamar da malamai da yawa ke nuna wa zanen abu mai rai, wadda ta sa ba kowa zai rataye shi a ɗaki ba.

An ga inda aka ceci irin wannan aiki na Afirka. A 2017 ɗakin karatu na Jami'ar Fulorida ya mallaki takardun Papa Mfumu'eto, mai zanen Kinshasa wanda ya riƙa buga ƙananan littattafansa da harshen Lingala yana sayarwa a titi. An adana su, sai dai sun bar ƙasar da aka yi su dominta, abin da ke faruwa duk inda mai saye na gida bai farga da wuri ba.

Adanawa da doka

Takarda a yankin Illela tana da maƙiya: gara, ƙurar hunturu, zafin bazara mai busar da ita har ta karye, da laimar damina. Rana tana kashe launi, salatif yana barin tabo, leda mai manne wa takarda da zafi kuma lalata ta take yi har abada. Ajiye ta a shimfiɗe, a inuwa, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, tare da rubuta sunan mai zane da shekara da littafin da ta fito a ciki a wata takarda dabam, shi ne mafi ƙarancin abin da take bukata. Da yawa daga masu zanen yau a allon kwamfuta suke aiki, ba sa barin takarda ko ɗaya, don haka adadin tsofaffin ba zai ƙaru ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta ba mai zane da mai rubutun hannu haƙƙin samun kaso idan aka sake sayar da asalin aikinsu a gwanjo ko ta hannun dillali. Faransa ce ta fara kafa irin wannan haƙƙi a 1920. Kafin ya amfani wanda ya zana bangon wani littafin Hausa a 1990, sai an gano takardar, an kuma tabbatar da wanda ya zana ta, tun marubuta da masu maɗaba'ar da suka san shi suna raye.