Jami'ar da Ba Ta da Gini

Shekara 35 na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare kafin in ajiye alli. Jinkirin fansho ya taɓa ni kamar yadda ya taɓa kowa, amma safiya ta fi shi ba ni wahala. Ka idar da sallar asuba, ka karya kumallo, ka sa riga, sai ka tuna babu inda ake jiranka. Abokan aikina da suka riga ni ritaya na gan su da idona: wasu sun kama noma, wasu sun koma karatun zaure, wasu kuwa sun zauna a majalisa daga hantsi har azahar ana ta juya zance ɗaya, cikin shekara biyu ko uku sai ka ga mutum ya rame, magana ma ta ƙaurace masa.

A wata ziyara da na kai wa 'yata a Ingila na lura da maƙwabciyarta, wata dattijuwa da ta yi aikin banki. Kowace Talata da hantsi tsofaffi bakwai ko takwas sukan shiga gidanta riƙe da littattafai, su yi awa biyu su fito. Da na tambaya sai ta ce ajinsu ne na nazarin duwatsu, kuma mai koyar da su tsohon injiniyan haƙar ma'adinai ne wanda ranar Alhamis shi ma ɗalibi ne a ajin Faransanci. Ta ce sunan ƙungiyar U3A, wato Jami'ar Zango na Uku na Rayuwa. Malamin tarihi ba ya jin irin wannan ya kwana bai bi sawu ba.

Abin ya faro ne a Faransa, a birnin Tulus, a shekarar 1973. Shekara biyar kafin nan, a watan Mayun 1968, ɗalibai da ma'aikata sun girgiza ƙasar da bore, kuma kafin shekarar ta ƙare ministan ilimi Edgar Faure ya kawo dokar da ta sake fasalin jami'o'i, ta kuma ɗora musu nauyin buɗe ƙofa ga jama'ar gari. Wani farfesan dokokin ƙasa da ƙasa mai suna Pierre Vellas ya riƙe wannan dama. Ya san halin da tsofaffi ke ciki a gidajen kula da su, ya ga kaɗaici da zaman jiran mutuwa, ya kuma ga jami'arsa da ɗakunan lacca da ɗakin karatu da filin wasa waɗanda sukan zauna babu kowa lokacin hutu. Sai ya gayyaci 'yan fansho su shigo: a yi musu lacca, a motsa jiki, a yi bayanin lafiya, a fita yawon buɗe ido. Ba a tambayi kowa takardar shaida ba, ba a kuma shirya wa kowa jarrabawa ba.

Abin ya bazu da sauri. A 1975 an kafa ƙungiyar duniya ta irin waɗannan jami'o'i, kuma a shekarar ce wata likita, Farfesa Halina Szwarc, ta buɗe ta farko a Waso ta ƙasar Poland. Beljiyam da Suwizalan da Italiya da yankin Kanada mai jin Faransanci duk sun bi sahu. Ƙasar Sin ta ɗauki nata salo, ta buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a lardin Shandong a 1983, gwamnati na riƙe da ita.

A duk waɗannan wurare tsarin ɗaya ne: malami na tsaye, tsoho na zaune yana saurare. Ba na raina wannan. Wanda talauci ko yaƙi ya hana shi shiga jami'a yana saurayi, ranar da ya zauna a kujerarta yana da shekara 70 ba ƙaramar rana ba ce. Sai dai baƙo ne, kuma zaman baƙo na hannun mai gida. Ranar da kuɗin jami'a ya ja baya, ajin tsofaffi ne farkon abin da za a duba.

A nan ne mutanen Ingila suka sauya abin, kuma wannan sauyi shi ne ya riƙe ni. Mutum uku ne suka ja gaba. Peter Laslett masanin tarihi ne a Kambirij, wanda ya yi shekaru yana tonon rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta tsofaffin majami'u don gano yadda iyalai suka rayu ƙarnoni da suka wuce. Michael Young mutum ne mai kafa ƙungiyoyi, yana cikin waɗanda suka haifar da tunanin jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya. Na ukunsu Eric Midwinter, masanin ilimi da manufofin kula da tsofaffi. A 1981 suka fara taro a Kambirij, shekarar da gwamnatin Margaret Thatcher ta datse kuɗin jami'o'i, don haka ko da sun so bin hanyar Faransa babu jami'ar da za ta ɗauki sabon nauyi. Amma ba rashin kuɗi kaɗai ya tura su ba. Laslett ya yi imani cewa a cikin kowane taron 'yan fansho akwai likita da makaniki da akawu da malami da wanda ya zagaya duniya a jirgin ruwa, kuma asara ce a jera irin waɗannan a kan benci a kawo wani yaro ya yi musu karatu. Ƙa'idar da ya rubuta ita ce mai koyarwa shi ma ya zama mai koyo, mai koyo kuma ya koyar. Babu albashi ga kowa, babu takardar kammalawa, kuɗin shiga kaɗan ne don hayar ɗaki da shayi.

Sun riƙe sunan jami'a da gangan, bisa tsohuwar ma'anar kalmar a Turai, wato taron mutanen da neman sani ya haɗa, ko da babu gini. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin kalmar da muka aro daga Larabci ita ma daga tarawa ta fito. Jami'a da jama'a tushensu ɗaya.

Shi kuwa zango na uku, Laslett ya fayyace shi a littafinsa na 1989. Zangon farko ƙuruciya da karatu, kana hannun wasu. Na biyu aiki da aure da ɗawainiyar 'ya'ya. Na huɗu shi ne lokacin da ƙarfi ya ƙare ka sake komawa hannun wasu. Tsakanin na biyu da na huɗu akwai shekarun da mutum ya sauke kaya amma ƙafarsa da hankalinsa na nan daram. Hujjarsa ta masanin tarihi ita ce a da mutane ƙalilan ne ke kaiwa wannan zango, sai a tsakiyar ƙarni na 20 ya zama rabon mafi yawan jama'a a ƙasarsa, kuma al'umma ba ta tanadar masa komai ba.

A watan Maris na 1982 suka yi makon gwaji a wata kwalejin Kambirij, a 1983 aka yi rajistar uwar ƙungiya. Ostareliya ta ɗauka daga birnin Melbon a 1984. Yau akwai rassa sama da 1,000 a Birtaniya, mambobi wajen 400,000, kowane reshe yana cin gashin kansa. Laslett ya rasu a 2001, Young a 2002.

Akwai inda abin ya gaza, kuma su kansu sun sani. Mafi yawan masu zuwa waɗanda da ma sun yi makaranta ne kuma fanshonsu na isarsu. Lebura da direba ba su cika leƙowa ba, maza ma sun fi mata ƙaranci. Wanda kuma ya shiga zango na huɗu, ƙafa ta daina kai shi, sau da yawa sai ya ɓace daga aji shiru.

Da na dawo gida sai na kalli zaurenmu da sabon ido. Karatun zaure bai taɓa tambayar shekarun kowa ba, bai taɓa ba da takarda ba. Dattijo mai furfura yakan zo da Ahalari ko Iziyya ya zauna kusa da saurayi mai Risala, kuma wanda ya yi gaba yakan biya wa na baya. Rabin abin da Laslett ya yi ta rubutu a kansa, kakanninmu sun daɗe suna yi a kan buzu. Abin da ba mu yi ba shi ne kai wannan ladabi ga sauran sanin da ke cikin kawunanmu. Majalisa ta tara mu amma ba ta da darasi. Yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya koya wa manya baƙi da wasali, bai tambaye su abin da su suka sani ba. Ga ma'aikaci yana barin aiki da shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki, wani ma bai kai 55 ba, sai mu bar shi da rediyo da carbi kamar abin da ya tara a kansa ya ƙare ranar da ya miƙa makullin ofis.

Mu shida muka fara, a zauren ɗaya daga cikinmu, kowace Laraba daga ƙarfe goma zuwa kiran azahar. Muka yi sharaɗi biyu: ba a zancen siyasa, kuma duk wanda ya zauna sau uku sai ya kawo nasa darasin. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya buɗe, ya ɗauke mu tasha bayan tasha a kan layin da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, ya nuna mana da hannu yadda ake karɓar sandar izini kafin jirgi ya shiga layi guda. Tsohon malamin gona ya yi mana mako biyu a kan cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ya zo da ganye a leda. Wani da ya ce shi ba shi da abin koyarwa, don gadi kawai ya yi, muka matsa masa, sai ga shi ya san sunan kowace ƙofar ganuwa da unguwar da ke bayanta da sana'ar mutanenta. Ni da na yi shekara 35 ina koyar da tarihi, ranar na cika shafi huɗu.

Yanzu mun kai goma sha huɗu. Matanmu sun buɗe nasu a cikin gida ranar Asabar, wata tsohuwar nas tana koya musu auna hawan jini. Ɗaya daga cikin shidan farko ƙafa ta kama shi tun damina, ba ya iya fitowa, don haka Laraba mai zuwa a ɗakinsa za mu zauna, kuma shi ne mai darasi: zai yi mana bayanin yadda ake rabon gado da lissafi.