Kaka a Matsayin Madogarar Tarihin Tafiya Biɗa a Ƙasar Adar

Tarihin tafiya biɗa daga jihar Tawa, yadda aka rubuta shi, kusan duka na maza ne. Binciken da Jean Rouch ya wallafa a 1956 kan baƙin da ke kwarara Gwalkwas ya bi sawun 'yan dako da 'yan tireda. Rayuwar cikin gida kuwa, a Azarori ko a ɗakin haya na zangon Kumasi da unguwar Ajame ta Abijan, sai a bakin jikoki ake jin ta, kuma galibi da kaka labarin yake farawa. Ya kamata masana su ɗauki wannan labari a matsayin madogara.

Dalili na farko shi ne kaka ta san gida biyu. Idan 'yarta ta haihu a Kurmi, ko dai a maido mai jego gida, ko tsohuwa ta hau mota da ƙullin kuka, daddawa da gabu, ta je ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa. Jikan da ya tashi da Faransanci ko Asantanci a bakinsa, wajenta yake jin sunan kakanninsa da na gonarsu. Tana kiran namijin "maigida", macen "kishiya", kuma cikin wannan wasan jika ake faɗa wa yaro abin da kunya ba ta barin uwa ta faɗa, musamman ga ɗan fari.

Na biyu, ita ce shaidar abin da tafiya ta bari a baya. Da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su fice daga Gana a Nuwamban 1969, tsakar gidajen irin waɗannan mata ne suka karɓi waɗanda suka komo hannu rabbana. Da aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen jidar duwatsu da haƙa ramukan itace, domin maza sun tafi cin rani. Da yawansu su ne kakannin yau.

Ana iya cewa tsohuwa ba ta riƙe shekara, jika kuma yana ƙara wa labari gishiri. Amma tana da nata lissafin: idan ta ce an haifi wane a shekarar El Buhari, yunwar 1984 take nufi, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Mai bincike na iya auna wannan da takardun hukuma.

Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta daɗe tana tattara tarihin baka. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, waɗanda da dama daga cikinsu jikokin matan nan ne, suna iya fara naɗar muryoyinsu a Azarori, Madawa da Buza tun daga hutun bana.