Jitar zaren kabon da tarihin girman gangar jikinta

Siffofin jitar da ba ta buƙatar lantarki sun kafu tun tana aikin katako zalla, domin ƙaramar jitar falo ta ƙarni na 19 ta daɗe da yaɗuwa kafin kamfanin Martin na Amurka ya ƙera babbar nan mai suna Dreadnought a 1916, wadda faɗin cikinta ya ba ta kaurin murya da amo mai nisa. Sauyin kayan ƙira ya zo ne ta hannun Charles Kaman, injiniyan jirage masu saukar ungulu, wanda ya fito da jitar Ovation a 1966, sannan samfurin Adamas ya biyo baya da fuska mai zaren kabon, wato siraran zaruruwa masu ƙarfi da rashin nauyi da ake saƙawa a daskarar da su da ƙaro na musamman. Daga baya RainSong, wanda ya faro a Hawaii, ya ƙera jitar da kusan dukkanta kabon ce.

Abin lura shi ne sabon kayan bai rushe tsohuwar ƙa'ida ba, tunda yawan iskar da ke cikin gangar jiki shi ke ƙayyade zurfin sauti, saboda haka babbar jita ta ci gaba da rinjaye wajen kauri. Amma ƙananan sun fi cin moriyar sauyin, domin su matafiya ke ɗauka, kuma kabon ba ya tsagewa ko lanƙwashewa saboda danshi da bushewar iska kamar yadda katako ke yi.