Ziyarar Editoci ta 1943 da Farkawar Siyasa a Nijeriya ta Arewa

A cikin shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin Ingila suka gayyaci editocin jaridu takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin mulkinsu, don su je su ga yadda ƙasar ke fama da yaƙi. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a jami'o'in Amurka ya dawo ya kafa jaridar West African Pilot a 1937, da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939.

Manufar masu gayyata ita ce baƙin su koma gida su yabi daular Ingila. Amma abin bai tsaya nan ba. Azikiwe ya shirya takarda zuwa ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, inda ya kafa hujja da Yarjejeniyar Atlantika ta 1941, ya nemi a ba ƙasashen mulkin kansu cikin shekara goma sha biyar. Malam Abubakar Imam bai sa mata hannu ba, domin a ganinsa matsalar Arewa ta fi kusa da gida: ƙarancin ilmin zamani da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Waɗannan batutuwa ya tattauna da Lugga, tsohon gwamna, har suka ci gaba da musayar wasiƙu bayan ya dawo. Ya kuma rubuta labarin tafiyar da Hausa, aka buga shi a 1944 da sunan Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ba a daɗe ba aka fara aika malaman makaranta na Arewa zuwa Cibiyar Horar da Malamai ta Jami'ar Landan. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, Malam Aminu Kano kuwa a 1946. Da suka dawo, Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, Malam Abubakar kuma ya gabatar da ƙudurin neman gyaran mulkin En'e a Majalisar Arewa a 1950, watau shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ba za a ce Landan ce ta haifar da wannan ra'ayi ba, don kuwa sukar azzaluman masu mulki tsohon abu ne a rubuce-rubucen malaman jihadi. Abin da tafiya ta ƙara shi ne sanin dabarun majalisa da ƙungiya da jarida.

Daga baya sai aka shigar da koyar da aikin jarida cikin jami'o'in gida. An fara a Nsukka a 1961 bisa tsarin Amurka, Jami'ar Legas ta biyo baya da taimakon UNESCO. Sai dai harshen koyarwa Turanci ne, alhali yawancin Hausawa ta rediyo suke samun labari, daga tashoshin gida da kuma BBC da ta fara Hausa a 1957, da Muryar Amurka da ta fara a 1979. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin ma'aikatan Muryar Amurka, shirye-shiryenta na Hausa suka yi shiru. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka amfanin musayar malamai da ɗalibai tsakanin jami'o'i ga dimokuraɗiyya ya dogara ne kan abin da mai tafiya ya yi bayan ya dawo. Malam Abubakar Imam ya mayar da abin da ya gani cikin harshen da manomi da ɗan kasuwa suke ji. A zamanin da labarin ƙarya ke yawo da Hausa ta wayar hannu, wajibi ne sassan koyar da aikin jarida da sassan Hausa su haɗa kai wajen horar da masu bincike da tace labari da harshen masu jefa ƙuri'a.